Yadda Na Auna Hajji Jasim

Duk ranar Juma'a idan aka tashi daga coci, domin a nan Juma'a ce ranar hutu, samarin nan namu da suka zo Doha kwanan nan sukan biyo ni gida Al Wukair, wai sun zo gaishe ni. Ni dai na san tuwon matata Saratu suke gaisarwa. Idan ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe, kuma ba a rasa wanda zai ce, "Baba Ishaku, kai fa ka more. Mu muna can muna fama da allura da jini, kai aikinka ka ɗora tsoho a keke ka tura." A da nakan tsaya musu da su. Yanzu na daina, domin na lura mutumin da ke cin tuwonka ba ya jin magana sai ya ga ƙasan kwano. Shi ya sa na ce bari in rubuta, su karanta a waya, tunda can suka mayar da kunnuwansu.

Aikina shi ne auna wa tsoho wurin zama. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki yawancinsu sun bar tafiya. Keke ne ƙafarsu, shi ne kujerar cin abincinsu, shi ne zaurensu. Ku masu lafiya ba ku san sau nawa kuke gyara zama cikin minti goma ba, jiki ne ke yi muku ba tare da ya nemi izininku ba. Tsohon da ƙarfi ya ƙare masa ba ya iya wannan. Inda aka ajiye shi nan nauyinsa zai tsaya, a kan ƙasusuwa biyun nan da ke ƙarƙashin mazaunai, har jini ya daina zuwa wurin, fata ta mutu, gyambo ya buɗe. Gyambon zama kuwa ba cizon sauro ba ne. Yakan ci nama har ya kai ƙashi, kuma wanda ya yi wa haka ya yi sallama da keke, sai gado.

A Zariya na fara, a shagon wani mai walda da ake kira Baba Audu, wanda ke ƙera wa guragu keken nan mai ƙafa uku. Awonmu ɗaya ne ga kowa da kowa. Baba Audu yana da wani guntun katako da ya yanke tun kafin a haife ni, shi ne faɗin kujera. In ka fi katakon faɗi sai ya ce ka rage tuwo. In ba ka kai ba, a cusa maka tsumma a gefe. Daga baya na yi karatu na sami takarda, na sauka Doha ina jin babu abin da ya rage wani ya koya mini a kan keke.

Ranar da na fara aiki aka haɗa ni da shugabata, Madam Lisi, wata 'yar Indiya da in ta miƙe tsaye kanta bai wuce aljihun rigata ba. Ta karɓi takarduna, ta ajiye su a gefe ko dubawa ba ta yi ba, ta nuna mini wani keke ta ce, "Zauna. Kada ka motsa sai na dawo." Na zauna ina murmushi, na ce a raina ashe haka kuɗin Larabawa yake da araha. Keken lafiyarsa lau, illa dai kujerar ta fi cinyata tsawo da yatsa uku, matakin ƙafa ya ɗan yi sama, ledar wurin zaman kuma ta saki a tsakiya. Kafin rabin awa bayan gwiwata ya fara zafi. Don in guje wa zafin sai na zame gaba, bayana ya lanƙwashe, haɓata ta sauko ƙirji. Bayan awa ɗaya na daina jin ƙafar hagu, na koma ina karanta Zabura a zuci. Awa biyu cur ta yi kafin ta dawo da kofin shayi a hannu. Ta dube ni na zube kamar wanki ta ce, "Kai lafiyarka ƙalau, kuma ka san zan dawo. Su ba su da ko ɗaya." Ran nan da ƙyar na hau motar komawa masauki.

Darasi na biyu ya fi na farko ɗaci. Ta kai ni wurin wani tsohon malamin makaranta da hankalinsa ya riga ya yi nisa, ta ce, "Sa hannunka."

Na ce, "A ina, Madam?"

Ta ce, "Inda yake zaune. Tafin hannu sama. Ka nemo ƙashi."

Ni ɗan Wusasa ne. Har mahaifina ya rasu ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba. Yau ga wata mace tana umurtata in cusa hannu a ƙarƙashin sa'an kakana. Na ce ai akwai tef na awo. Ta ce tef yana gaya maka girman mutum, hannu ne ke gaya maka inda yake jin ciwo. Ta ƙara da cewa littafi ya ce a nemi wurin da fata ta yi ja, amma littafin ba don irina da irinta aka rubuta shi ba. Baƙar fata ba ta yin ja. Sai dai ka ji wurin ya fi kewayensa ɗumi, ko ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, kuma wannan ido ba ya ganinsa. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sa hannun, idona na kallon rufin ɗaki, gumi na bin bayana duk da sanyin na'ura. A hankali na saba. Amma in faɗa muku gaskiya, sabon nawa na wuce-wuce ne: na iya da wanda bai san ni ba, da wanda gobe zai manta fuskata.

Jakar kayan aikina ba ta da wani abin burgewa. Tef ne, da sifana, da 'yan makullan kwance ƙusoshi, da allo biyu na katako da ake karawa a gefen ƙugu hagu da dama a auna tsakaninsu, domin tef yana bin lanƙwasar jiki ya yi maka ƙarya. Ka auna faɗi ka ƙara yatsa biyu. Ka auna daga baya zuwa bayan gwiwa ka rage yatsa uku. Akwai wuƙar yanka burodi mai lantarki, ita ce ta fi komai iya sassaƙa soso. Sannan akwai jan baki. Ana shafa shi a kan 'yar leda daidai inda ƙashi ya turo, a zaunar da mutum a kan sabon soso, in aka ɗaga shi sai ka ga ja a daidai inda za ka rarake. Ni da kaina nake sayowa a wani kanti a Al Mirqab, kuma mai kantin har yau yana tambayata ko uwargidana ta ji daɗin kalar. Ranar da Saratu ta tsince shi a jakata kuwa, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye shi a kan tebur kusa da abincina, ta zauna ta naɗe hannu. Da na gama bayanin inda ake shafa shi, sai ta ce babu namijin da zai ƙirƙiri wannan ƙaryar, dole gaskiya ce.

Tsofaffin ba su cika wahalar da ni ba, 'ya'yansu ne aiki. A nan girman kujera girman uba ne. An taɓa kawo wani dattijo ɗan siriri da 'ya'yansa suka yo masa odar keke daga Turai, faɗinsa ya isa mutum biyu da jaka. Aka ɗora shi ya karkace gefe guda kamar rabin buhun gero a bayan a-kori-kura. Na ce wa babban ɗan a rage faɗin da taƙi guda. Ya dube ni kamar na ce a rage wa mahaifinsa suna. Sai da muka yi sati uku ana kai ruwa rana, ƙarshe muka bar faɗin yadda yake don idon 'yan gaisuwa, na cike ciki da soso don jikin mai zama. Watau na zo har ƙasar Larabawa, na koma ga tsumman Baba Audu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya, abu biyu suka zo a wata ɗaya. Na farko wata 'yar tabarma ce mai waya da ake shimfiɗawa a kan kushin, a haɗa ta da kwamfuta. In mutum ya zauna sai hoton mazaunansa ya fito a allo: inda nauyi ya watsu ya yi shuɗi, inda ya taru ya yi ja. Da na gan ta na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Daga yau na huta da cusa hannu.

Na biyun shi ne Hajji Jasim. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, irin na katakon nan da kuke gani a ɗaure a bakin teku a Corniche, wanda rana da gishiri suka dafa fatarsa har ta kusa kai tawa baƙi. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, amma hannayensa da kansa garau. Ya riga ya gaya wa hukumar gidan cewa ba macen da za ta auna shi, don haka Madam Lisi ta ce nawa ne. Abu ɗaya ya roƙa da ya zo: duk Alhamis da la'asar a sa shi a mota a kai shi bakin teku, a ajiye shi inda zai ga jirage, a ƙyale shi. Ya ce in an hana shi wannan, to a kira 'ya'yansa su raba gado kawai.

Na ƙwanƙwasa ƙofarsa da jakata da tabarmata. Na tarar da shi a keke zaune cak, baya a miƙe, ƙafa biyu a jere kan mataki, farar jallabiya ko lanƙwasa babu. Kafin in buɗe baki ya sa aka zuba mini gahawa a finjali, aka miƙo dabino, aka zagaya ni da turaren wuta har cikin gemu. Da guntun Larabcina da guntun Turancinsa ya tambayi sunan mahaifina, da na kakana, da abin da muke nomawa. Da ya ji mahaifina ya rasu sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Daga yau kai ɗana ne." Ku gaya mini, bayan wannan, da wane hannu? Na shimfiɗa tabarma, aka ɗaga shi aka mayar. Allo ya fito shuɗi tas, ko ɗigon ja babu. Na auna da allo biyu da tef, daga nesa-nesa, na rubuta cewa zamansa abin koyi ne. Na sha finjali uku na fito ina ƙamshi.

Bayan wata biyu Sista Rifkatu, 'yar Kafanchan da ke lura da sashen maza, ta tare ni a baranda. Ta ce mai yi masa wanka ya ga abu a gefen hagu, kuma ya riga ya buɗe. Likita ya ce gado, sati shida, a riƙa juya shi kamar masa. Alhamis shida ke nan ba teku. Na je gaishe shi yana kwance ta gefe, fuskarsa na kallon bango, duk da haka sai da ya sa aka zuba mini gahawa.

Da ya warke na ce laifin kushin ne. Na cire na soso na sa mai iska, irin mai 'yan ƙwayayen roba da ake hurawa. Aka zaunar da shi, ya miƙe cak, allo ya yi shuɗi har ya fi na da. Sati biyar gyambo ya dawo, a daidai inda yake, ya kuma fi na farko zurfi. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Wannan karon wata huɗu da rabi ya yi a kwance. Babban ɗansa Halid ya zo ya yi ta faɗa a ofis, ya ce zai kawo keke daga Jamus, ya kuwa kawo, mai maɓallai kamar jirgin sama. Likita ya tara mu ya faɗi magana ba kwana-kwana: fatar wurin ta zama kamar takardar sigari. Za a gwada zama sau ɗaya tak. In ta sake buɗewa sai tiyata, zuciyar Hajji kuma ba za ta ɗauki tiyata ba, don haka gado ne har ƙarshen rayuwarsa.

Da muka fito Madam Lisi ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Ka taɓa shi?"

Na ce, "Madam, na'ura ta nuna..."

Ta ce, "Ba na'ura na tambaya ba." Ta wuce abinta. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro, kuma na ji tsoro, domin saura kwana tara a zaunar da shi, ni kuwa ban san abin da zan sauya ba.

Wanda ya fitar da ni ba likita ba ne. Malam Habu ne, direban motar gidan, Bakano, wanda tun da ya ji ni Bazazzagi ne bai taɓa barina na sha ruwa lafiya ba. Muna cin shinkafa a wani ɗan shago a Al Mirqab ya ga ina juya cokali, ya ce, "Yau kuma me ya sami Zage-zagi? Ko an gano takardar ta bogi ce?" Na gaya masa damuwata, na ce abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutumin ya fi kowa iya zama a gidan nan.

Ya ajiye cokali. "Wa? Hajji? Ai Hajji ba ya zama haka."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Da na rufe ƙofar mota yake kama ƙafar hagu da hannu biyu, ya ɗago ta ya tanƙwashe a kan kujera, ya kishingiɗa gefe. Haka yake har mu je, haka yake a bakin teku in na ja baya. Ina ganinsa ta madubi. Ya ce haka ya zauna a gindin jirgi tun yana saurayi."

Na ce, "Malam Habu, wata bakwai muna wannan bala'in, ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Kun tambaye ni? Ku masu kwamfuta? Ni direba ne, yalla, wato mu tafi, kawai ake ce mini."

A nan komai ya warware mini. Dokar gidanmu ce ba a shiga ɗakin kowa sai an ƙwanƙwasa. Kafin a murɗa ƙofa ya sauke ƙafa ya miƙe. Da an fita ya mayar. Duk awon da na yi, ba Hajji Jasim na auna ba, mai masaukin baƙi na auna. Na biya wa Malam Habu shinkafarsa, abin da har yau yake ba da labarinsa a matsayin ranar da Kano ta ci Zazzau da yaƙi.

Ranar gwaji aka ɗaga Hajji daga gado aka sa shi a keke. Ya rame, jallabiya ta yi masa yawa, amma yana ganina ya dafa hannun keke ya miƙe cak. Na sallami kowa na rufe ƙofa. Shi da kansa ya riƙa zuba mini gahawa, na sha finjali ɗaya, na sha na biyu, na sha na uku, duk ina neman ta inda zan fara. Da na ga na huɗu na tafe sai na girgiza finjalin, alamar ya isa, na sauko na tsuguna a gabansa yadda muke yi a gida, na kira shi Ammi, wato baffana da Larabci.

Na ce, "Ammi, roƙo na zo yi. Ka zauna mini yadda kake zama in babu kowa."

Ya ce, "Haka nake zama."

Na ce, "Malam Habu ya ce ba haka ba."

Ya ɓata fuska. "Habu direba ne, titi ya kamata ya kalla." Sannan ya ce, "Ɗana, in na naɗe ƙafar nan tafinta kai zai kalla. Ubana bai haife ni in nuna wa baƙo tafin ƙafata ba."

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Ammi, ni ma ubana bai haife ni in sa hannu a mazaunan dattijo ba. Aikina ke nan tun ranar farko, ban yi ba, saboda ka ba ni gahawa ka kira ni ɗa. Wata bakwai ke nan tarbiyyar ubanka da tarbiyyar ubana suna cin naman jikinka."

Ya zuba mini ido har na ɗauka kora ce za ta biyo baya. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Ya share ido ya ce, "Watau duk wannan talabijin mai shuɗi da kake nuna mini, tsoron ɗuwawuna ne?"

Na ce, "Shi ne, Ammi."

Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ubanka yana kabari, ubana yana kabari, ba mai ganinmu. Yalla."

Ya kama ƙafar da hannu biyu ya naɗe ta cikin ƙiftawar ido, kamar mai naɗe dardumar salla. Jikinsa duka ya tafi hagu, kafaɗa ta sauka, fuskarsa ta saki. Ranar na fara ganin mutumin. Allon kwamfuta da ke gefe ya koma ja wur a kusurwa guda. Na kashe shi, na wanke hannu, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na cusa. Ga ƙashin nan tsini guda, ya bar tsakiyar kushin gaba ɗaya, ya hau bakinsa inda babu iska, a daidai kan ƙarfen keke. Da na sa hannun nan tun ranar farko da na ji wurin ya fi ɗumi, da na tambayi dalili.

Ya ce, "Hannunka sanyi kamar kifi."

Na ce ya yi haƙuri. Na ɗauko leda da jan baki.

"Wannan kuma mene ne?"

"Jan baki ne, Ammi."

"Na mata?"

"Na mata."

Ya dubi rufin ɗaki ya yi salati. Ya ce ya yi faɗa da guguwa a tsakiyar teku, ya kwana uku ba ruwan sha, ashe ƙarshensa wani ɗan Najeriya ne zai yi masa kwalliya a inda ba a faɗa. Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba sai bayan ransa, musamman Habu.

Na roƙi likita ya ɗage gwajin kwana huɗu, aka mayar da Hajji gado, ni kuma na shige ɗakin aikinmu. Keken Jamus ban taɓa shi ba, tsohon nasa na ɗauko. Na cire marfin gefen hagu, na ɗaura katako na faɗaɗa wurin ya zama 'yar baranda inda gwiwa za ta kwanta, na lulluɓe ƙarfen. Na rarake soso a inda jan baki ya nuna, na cike ramin da kushin mai laushi, na yi tudu a ƙarƙashin cinya don ta karɓi rabin nauyin, na sa matashi a inda haƙarƙarinsa ke jingina. Da na gama abin ya fito kamar teburin mai shayi da aka sa wa taya. Madam Lisi ta zagaya shi sau biyu ta ce wannan ba ya cikin kowane littafi, littafi cewa ya yi a hana shi naɗe ƙafar. Na ce Madam, mutumin da teku bai hana ba, ni ne zan hana? Ta ce, "Ka taɓa shi?" Na ce na taɓa. Ta sa hannu a takarda.

Halid ne ya ƙi. Ya ce ba za a fita da mahaifinsa bainar jama'a a cikin wannan tarkacen ba alhali ga keken Jamus a ajiye. Uban ya bari ya gama, sannan ya ce, "Kai ka saya wa idon mutane. Shi ya yi wa ɗuwawuna. A cikin biyun wanne ne ke ciwo?" Halid mutum ne mai furfura da jikoki, amma sai ya sunkuyar da kai kamar ɗan firamare.

Muka fara da rabin awa a rana. Duk lokacin da aka sauke shi ni da Sista Rifkatu muna bakin ƙofa, ita da takarda, ni in shiga in taɓa. Ban taɓa jin tsoron wani abu a aikin nan kamar yadda na ji tsoron wannan 'yar fatar ba. Rabin awa ya zama awa ɗaya, awa ɗaya ta zama biyu, wurin yana nan da sanyinsa. A Alhamis ta uku likita ya ce a kai shi. Malam Habu ya dawo ya ba ni labari cewa sai da ya tura shi har bakin ruwa, Hajji ya yi ta zagin wasu matasa da ke ɗaure jirgi, wai ƙullin igiyarsu ko akuya ba zai riƙe ba.

Shekara ɗaya da rabi ya yi a keken nan, Alhamis ɗaya bai rasa ba sai in an yi iska mai ƙura. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, cikin kwana biyar. Bayan an gama zaman makoki Halid ya zo har ɗakin aikinmu, ya same ni ina yanka soso, ya tsaya a cikin ɓarɓashi da farar rigarsa. Ya ce shi da ƙanensa suka yi wa mahaifinsu wanka. Ya ce dattijon da ya taya su, wanda wankan gawa aikinsa ne, ya faɗa musu ya daɗe bai ga tsohon da ya fito daga keke da lafiyayyen baya haka ba. Babu ƙurji ko ɗaya, sai tabo guda a gefen hagu, girman dabino, ya bushe tun tuni. Ya ce ya zo ne ya yi mini godiya.

Godiyar ta ƙi shiga. Na ajiye wuƙa na ce masa, "Tabon nan da kuka gani, ni na yi shi."

Ya gyaɗa kai. "Ya gaya mini," in ji shi. "Ya ce in ka tayar da maganar in faɗa maka kada ka cika zari. Rabi ne naka, rabi nasa ne."